Ƙaryar da Aka Karanta a Kan Gawar Babanmu

Ƙanena Sölvi marubuci ne. Littattafan almara yake rubutawa, irin masu kaurin nan da ake zana taswirar ƙasar da babu ita a shafin farko, cike da dodanni da sarakunan da ba a taɓa haifa ba. Mutane suna saye, har an juya su zuwa harsunan da shi kansa ba ya ji. Ni Torfi, yayansa, injin jirgin ruwa nake gyarawa, kuma ɗan abin da na sani na karatu ni na koya wa kaina. Ban taɓa ɓoye masa ra'ayina ba: bai dace namiji mai furfura ya wuni yana auna nisan tafiya tsakanin garuruwa biyu da shi ya ƙaga ba.

Sai dai ba zan yi masa ƙazafin lalaci ba. Tun da matarsa ta tattara nata ta tafi, a saman benena yake zaune a Reykjavík, babban birnin ƙasarmu, don haka na san wahalar sana'ar daga takun ƙafarsa. Da safe zai zauna gaban na'ura ya rubuta shafi, ya miƙe yana zagaya ɗaki yana karantawa da ƙarfi, ya koma ya goge. Wata rana a kan sunan kogi ɗaya zai wuni. Wani makon jaruminsa zai maƙale a bakin wata ƙofa, a rasa dalilin da zai sa ya shiga, shi ma marubucin ya maƙale tare da shi, ba wanka ba aski, sai gahawa da busasshen kifi. Bangon ɗakin duk takardu ne: wane ɗan wane, wata nawa ne a samaniyar ƙasar, wace ƙabila ce ba ta cin naman tsuntsu. In ya kuskure a ɗaya, masu karatu ba sa yafewa. Wani daga wata uwa duniya zai aiko masa cewa dokin da ya mutu a littafi na biyu ga shi ana hawansa a na huɗu. Ga edita kullum tana bugo waya tana tambayar ina littafin ƙarshe.

"Yau mutum nawa ka kashe?" nakan tambaye shi in ya sauko cin abinci.

"Runduna guda, Yaya. Amma da yamma zan tayar da rabi, na ga ina bukatarsu."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Kai kuma alƙalin gida, injin wa ka yanke wa hukunci yau?"

Dokoki biyu gare shi a aiki, ba ya karya su. Ta farko, ba ya nuna wa kowa rubutu sai ya kammala, wai ido yana kashe ɗanyen labari. Ta biyu, kunnensa ne shaidarsa. Ya taɓa ce mini, "In na karanta da ƙarfi na ji ya zauna, to haka abin ya faru."

"Ya faru a ina?"

"A inda ya kamata ya faru."

Na ce masa wannan maganar mahaukata ce, ya yi dariya. Amma ku duba da kyau. A ƙasar da kai ka ƙaga babu wanda za ka tambaya, babu kuma wanda zai ƙaryata ka. Mutum ya daɗe a haka, sai ɗabi'ar tambaya ta shanye a jikinsa kamar hannun da aka daɗe ba a motsa ba.

Babanmu Ketill ya rasu a farkon hunturu. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa a teku, ya yi tsufansa a ma'ajiyar kifi. Tsakaninsa da Sölvi akwai wani tsohon ciwo. Lokacin da littafin farko ya fito, Sölvi ya kawo masa ɗaya da hannunsa. Baba ya sa tabarau ya yi kwanaki yana karantawa a hankali, yana bin layi da yatsa. Wata rana da azahar ya rufe shi, ya ɗora a saman kabad, ya fita yawo ko hula bai saka ba. Bai sake taɓa shi ba, bai ce uffan ba. Sölvi ya ɗauka raini ne, ya haɗiye, ya ci gaba da kawo masa kowane sabon littafi, ana jera su a saman kabad kamar bulo.

Kwana biyu bayan rasuwar muna zaune a kicin ɗin Mama. Sunanta Rannveig, ƙaramar mace ce, idonta ya yi rauni, amma ban taɓa ganin wanda ya tanƙwara ta ba. Ta zuba mana gahawa ta ce:

"Babanku abu biyu ya bar mini. A mai da shi ƙauyenmu Skarfavík a binne shi kusa da iyayensa. Sannan in za a faɗi tarihinsa a coci, kada a ƙara masa, kada a rage masa. Ya ce mutanen can sun san shi, in aka yi masa kwalliya za su gane. Na ce masa na ɗauka."

Tarihin mamaci fasto ce ke karantawa, daga abin da dangi suka ba ta. Faston yankin sabuwa ce, yarinya daga kudu, ba ta san Baba ba, ba ta san tsofaffin maganganun ƙauyen ba. Da ta ji a waya akwai marubuci a gidan sai ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ya rubuta, ita ta karanta.

"Ni zan rubuta, Mama," in ji Sölvi.

"Kai da dodanninka?"

"Ba dodo, ba aljani. Sau ɗaya dai ku bar ni in yi masa abin da na iya. Bai karanta nawa yana raye ba, to wannan dole ya saurara."

Mama ta juyo da fuskarta wajensa. "Ka ji abin da ya ce dai?"

"Na ji. Ba ƙari, ba ragi."

Mako guda na yi ina jin takunsa a sama. Yana karantawa, yana tsayawa, yana sake karantawa. Na hau na ƙwanƙwasa.

"Ba ni in duba."

"Bai kammala ba."

"Wannan ba labarin macijin mai fukafukai ba ne, Sölvi. Ubana ne ni ma."

"Ka san doka, Yaya. Ka je ka ji da akwati da mota, ka bar mini kalmomi. Ni na taɓa zuwa na ce ka nuna mini cikin inji?"

Ranar tafiya ma yana bayan mota da na'urarsa a cinya yana sauya kalma, muna bin motar gawa ta kan duwatsu cikin dusar ƙanƙara. Sai da safiyar jana'iza ya miƙa wa fasto.

Yanzu dole in faɗa muku dalilin da ya sa muka bar Skarfavík tun farko, don duk wanda ya zo cocin ran nan ya sani, ban da fasto da marubucin.

Ina saurayi ɗan tasawa, Sölvi bai ma shiga makaranta ba, wata guguwa ta taso da rana tsaka. Jiragen ƙauye duk sun dawo sai na wani maƙwabcinmu, Grímur, wanda ya fita shi kaɗai. Daga gaɓa ana hango fitilarsa tana ɓacewa tana bayyana a bakin mashigi. Jirgin Baba ne mafi girma a ƙauyen. Matar Grímur ta zo da gudu ta riƙe rigarsa, ta roƙe shi ya fita. Baba ya tsaya ya kalli ruwan, ya kalli mutanen da za su bi shi, dukansu masu iyali, ya ce, "Ba zan fita ba." Ta durƙusa, ya maimaita. Ta tsine masa a gaban jama'a. Fitilar ta ɓace.

Washegari da iska ta lafa Baba ya bi gaɓa shi kaɗai, ya sami gawar tsakanin duwatsu, ya goyo ta a bayansa ya hau da ita har ƙofar gidan matar. Sölvi yana taga, ya ga Baba yana hawowa daga teku jiƙe sharkaf da mutum a bayansa. Ya tambayi Mama, ta ja shi daga tagar ta ce, "Sanyi ne ya kama shi, Baba zai kai shi gida." Abin da ake faɗa wa yaro ke nan. Ƙauyen ya rabu biyu, wasu suka ce Ketill ya ceci rayukan mutanensa, wasu suka ce tsoro ne ya hana shi. Da bazara ya sayar da jirgin muka koma kudu. A gidanmu ba a sake ambaton sunan Grímur ba.

Cocin Skarfavík ƙarama ce, ta katako. Ta cika. Tsofaffin masunta sun zo cikin kwat ɗin da ba sa sakawa sai ranar biki ko ranar mutuwa. A layi na uku na ga wata mata doguwa mai farin gashi, na gane ta nan take: Oddný, 'yar Grímur. Tana nan a gaɓa ran nan, riƙe da zanen uwarta. Muka haɗa ido, ta ɗan sunkuyar da kai.

Aka yi waƙa, fasto ta hau ta fara karatu. Zan faɗi gaskiya, farkon ya yi kyau. Ya kawo hannayen Baba, yadda gishiri ya tsattsaga su, da yadda yake yanka burodi a ƙirjinsa, da yadda yake duba sama kafin ya gaida mutum. Duk haka yake. Na ji Mama ta ja numfashi. Sölvi yana gefena, laɓɓansa suna bin kalmomin kamar uba mai kallon ɗansa yana tatata.

Sai fasto ta sassauta murya, alamar an zo wurin da ta fi so.

"Mutanen wannan ƙauye ba za su manta ranar babbar guguwa ba," in ji ta, "ranar da jirgin Grímur ya maƙale a bakin mashigi, kowa ya ce ba a fita. Ketill bai ce komai ba. Ya kwance igiya. Ya shiga ruwan da ya fi rufin cocin nan tsawo, da gari ya waye sai ga shi yana hawowa daga teku da maƙwabcinsa a bayansa, da ransa, ya kai shi har ƙofar matarsa."

Na sha jin shiru a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Wani tsoho a baya ya yi tari ya katse shi a tsakiya. Kunnuwana suka yi zafi. Ban iya ɗaga kai ba, sai takalmana nake kallo, ina jin idon ƙauyen gaba ɗaya a ƙeyata. Fasto ta ɗauka shirun na taɓuwar zuciya ne, ta ɗan dakata don ya ratsa mutane, ta ci gaba. Sölvi ya taɓa gwiwata ya raɗa mini, "Ka ji wurin nan? Ya zauna ko?"

Na ji motsi a baya. Oddný ce ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta fita a hankali, ƙofar ta rufu.

Mama ba ta motsa ba har aka gama. Muka ɗauki akwatin, ni da Sölvi a gaba, 'yan uwa a baya, za mu fita da shi zuwa maƙabartar da ke jikin cocin. Muna isa bakin ƙofa ta ɗora tafinta a kan murfin.

"Ku sauke shi."

"Mama, mutane suna bayanmu," in ji Sölvi.

"Na san suna bayanmu. Ku sauke shi a kan bencin nan."

Muka sauke. Jama'a suka tsaya cirko-cirko a tsakanin kujeru.

"Wa ya gaya maka babanka ya fita ran nan?"

"Ba wanda ya gaya mini. Da idona na gani. Ina taga, ya hawo da shi a bayansa, ruwa yana zuba daga..."

"Gawa ka gani."

Ya kalle ta, ya kalle ni.

"Gawa ce, Sölvi," na ce. "Baba ya ƙi fita. Grímur ya nutse. Waccan da ta fita yanzu 'yarsa ce."

"A'a. A'a, ku tsaya. Ya kwance igiyar da haƙori, don hannunsa ya sandare. Fitilar tana ɗaure a wuyansa. Ina tuna..." Na ga jini ya bar fuskarsa. "Hurgan," ya ce a hankali.

"Wane ne kuma Hurgan?"

"Mai fito. A littafin farko." Ya dafa bango. "Shi ne ya kwance igiya da haƙori. Daga abin da na gani a taga na gina shi. Na rubuta wurin nan ya fi a ƙirga, na karanta shi a gaban jama'a gari-gari. Yaya, wallahi ina ganinsa yanzu, fuskar Baba ce a jirgin."

"Na san wurin," in ji Mama. "A nan ya rufe littafin. Ya dawo daga yawon ya ce mini, yaron nan ya rubuta uban da ya so a ce ya samu."

Ba na son in sake ganin fuska irin wadda ƙanena ya yi a lokacin. Ya yi shekara da shekaru yana jin haushin uban da ya raina aikinsa, ashe shi ne ya soke shi, ya kuma riƙa kawo masa wuƙar a naɗe cikin takardar kyauta.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?" ya ce.

"Ka tambaya?" na ce. "Mako guda kana kaina kana zagaye. Matakala kawai za ka sauko."

Fasto ta matso, fuskarta ja wur, takardar tana hannunta. Ta ce ta yi baƙin ciki, ba ta sani ba, ko za a bari a gama binnewa, in ya so a gyara maganar a wurin shan gahawa.

"Ba laifinki ba ne, 'yata, abin da aka ba ki kika karanta," in ji Mama. "Amma ba za a sa shi a ƙasa da wannan maganar a kansa ba. Na yi masa alkawari. Wanda ya ɗaura shi zai kwance." Ta juya ga Sölvi. "Je ka ka kira ta."

"Mama, da wane ido?"

"Da wanda ka gani da shi a taga."

Oddný ba ta yi nisa ba. Tana tsaye a maƙabarta gaban wani tsohon dutse, dusar ƙanƙara tana sauka a kafaɗarta. Na bi Sölvi a baya. Ya tsaya nesa kaɗan, ya buɗe baki, mutumin da ya cika littattafai da jawaban sarakuna, ya rasa ko kalma ɗaya.

Ita ta fara. "Kai ne ƙaramin? Mai littattafai?"

"Ni ne."

"Jikata tana da su duka. Ta ce kana tayar da matattu in ka ga dama." Ta nuna dutsen da haɓarta. "Ga shi nan, ka tayar mini da shi a coci. Na zauna ina jin yadda ya dawo gida da rai. Ka san har na ɗan ji daɗi? Na ga an buɗe ƙofa, na ga uwata ta... Shi ya sa na fita."

"Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Na ga alama. Ba wanda zai yi wannan da gangan sai shaiɗan, kai kuwa ka fi kama da tunkiyar da ta ɓata."

"Mama ta ce ba za a binne shi ba sai an gyara. Ta ce in roƙe ki ki dawo."

Ta juyo ta fuskance shi. "Kada ka ɗauka na zo yau don na yafe. Har gobe ban sani ba ko da ya fita da ya same shi. Wata rana in ce da ya same shi, wata rana in ce da an binne mutum biyar. Na zo ne don shi ya kawo mana shi gida. Da yawa teku ba ta mayar da su ba, mu muna da wurin tsayawa." Ta gyara jakarta. "Mu je, sanyi yana cin ƙafata."

Aka fito da akwatin aka ajiye a bakin kabari. Jama'a suka kewaye, ba mai kallon wani. Sölvi ya tsaya a wajen kai, ba takarda a hannunsa, ba hula, iska tana watsa masa gashi.

"Ni na rubuta abin da aka karanta," ya ce. Wani tsoho ya ce a ɗaga murya, ba a ji. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Ni na rubuta. Wurin guguwa ƙarya ne. Daga littafina na ɗauko, na ɗauka abin da na gani ne, ban tambayi kowa ba. Babana bai fita ba. An roƙe shi ya ƙi. Grímur ya mutu a ruwa." Ya tsaya. Na ga laɓɓansa suna neman wata kalma mai daɗi da zai rufe da ita, irin wadda za ta zauna a kunne. Na ga kuma ya bar ta ta wuce. "Washegari ya nemo shi ya kai shi gida. Shi ke nan abin da ya faru."

Ba daɗi a maganar. Ta fito gutsi-gutsi kamar itacen da aka fasa da gatari marar kaifi. Mama ta juya inda Oddný take.

"Haka ne?"

"Haka ne," in ji Oddný. "Sai dai ya cire rigarsa ya rufe masa fuska kafin ya ƙwanƙwasa. A sa wannan."

"An sa," in ji Mama. "Ku sauke shi."

Muka sauke shi da igiya. Kowa ya zo ya yi alamar gicciye a kan ramin ya wuce.

A zauren ƙauye an jera gahawa da fanke da gurasa mai naman rago mai hayaƙi. Sölvi ya so ya zauna a mota, Mama ta ce ko kusa, ya shigo ya zuba wa mutane gahawa. Haka ya yi ta zagaye da buta, kansa a ƙasa. Mutanen wurin ba sa tausaya wa mutum da baki, kuma ba sa barinsa ya sha da sauƙi. Wani tsohon masunci, ɗaya daga waɗanda da za su bi Baba cikin jirgin ran nan, ya miƙa kofinsa ya ce:

"Yaro, in na mutu kai za ka rubuta nawa. Ka ce na auri mata bakwai na kashe kifi mai girman coci."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sölvi ya zuba masa har ya zube a faranti. Tsohon ya kama hannun rigarsa, ya daina murmushi.

"Ina da 'ya'ya da jikoki cike da gida saboda ubanka ya ce a'a. Ka san nauyin kalmar nan a gaban mace tana kuka? Jaruminka na littafi ba zai iya ɗaga ta ba."

Mun dawo kudu washegari. Makonni suka wuce ban ji taku a sama ba. Edita ta yi ta bugowa, wayar tana ƙara har ta gaji. Na san abin da ke gabansa, don ya taɓa faɗa mini a kan abinci: littafin ƙarshe da mai fiton nan zai rufe, shi masu karatu suka fi so, suna jira ya sake shiga guguwa. Ban hau na lallashe shi ba. Kunyar da mutum ya jawo da hannunsa ba a gaggauta cire masa ita, magani ce, a bar ta ta yi aikinta.

Wata Asabar da hantsi ina wanke hannu a kicin sai na ji yana saukowa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Yaya, kana da lokaci?"

"Me ya faru, an rasa sunan kogi?"

"Kana gaɓa ran nan, ko? Kusa da shi?"

"Ina riƙe da igiyar jirgin."

"Da ya ce ba zai fita ba, ina yake kallo? Ita, ko ruwan?"

Na goge hannuna, na jawo masa kujera da ƙafa.

"Mu ya kalla, ni da mutanen jirgin," na ce. "Ɗaya bayan ɗaya. Zauna."